Gilgamesh, Akilis da neman dawwama: abin da tsofaffin waƙoƙin jarumta suka ce game da mutuwa

A ranar 23 ga Satumba, 2021, a birnin Washington, hukumomin Amurka suka miƙa wa gwamnatin Iraƙi wani allon laka wanda da kaɗan ya ɗara tafin hannu. A 2014 kamfanin Hobby Lobby ya saye shi a kan dala miliyan 1.67 don a baje shi a wani gidan tarihi, daga baya kotu ta ƙwace shi bayan an gano cewa ta ɓarauniyar hanya ya shiga ƙasar. Waɗanda suka ji labarin sun yi ta tambaya, wace irin laka ce wannan da ta fi gidan bene tsada? Rubutun da ke jikinta ne ya ba ta daraja. Wani yanki ne na waƙar Gilgamesh, wurin da jarumin yake ba mahaifiyarsa labarin mafarkinsa, kuma shekarun allon sun kai kimanin 3,500.

Waƙar labarin wani sarki ce da ya ƙi yarda cewa zai mutu. Daga Iraƙi zuwa Girka, daga Farisa zuwa Ingila, manyan waƙoƙin jarumta na dā sun yi ta kewaya wannan tambaya: tun da mutuwa rigar kowa ce, me jarumi zai bari a bayansa? An fi ɗauka cewa amsarsu ita ce suna. Wanda ya bi su a tsanake zai tarar cewa su kansu ba su gama gamsuwa da wannan amsa ba.

Kalmomi uku da ya kamata a fara warwarewa

Waƙar jarumta, a nan, doguwar waƙa ce mai ba da labari. Ta bambanta da kirari, wanda yakan ɗauki mutum ya jera masa siffofi cikin 'yan layuka. Ita takan ɗauko labari daga tushe, da tafiye-tafiye da yaƙi da zance tsakanin mutane, har ta kai layi dubbai. Iliyad ta Girkawa layi 15,693 ce. Gilgamesh, a cikakkiyar siffarta, kimanin layi 3,000. Beowulf ta tsohon Turanci layi 3,182, Shahnama ta Firdausi kuwa ta kusan baiti 50,000.

Jarumi a cikin waɗannan waƙoƙi ba lallai ne ya zama mutumin kirki ba. Mutum ne da ya fi kowa ƙarfi da zuciya, sau da yawa kuma ana danganta jininsa da allolin da mutanen wancan zamani suke bauta wa. An ce kashi biyu cikin uku na Gilgamesh na alloli ne, kashi ɗaya na mutum. Uwar Akilis, jarumin Iliyad, wato Tetis, allahiyar teku ce da ba ta mutuwa. Amma duk su biyun ɗan ɓangaren nan na mutum ne yake yanke musu hukunci.

Dawwama kuma iri-iri ce. Akwai ta jiki, wato mutum ya ƙi mutuwa sam. Akwai ta suna a bakin mawaƙa, akwai ta aiki kamar ganuwa ko birni, akwai ta zuriya. Abin da babu shi ne lahira irin wadda Musulmi da Kirista suka sani, mai hisabi da sakamako. A nan gizo ke saƙar. A waƙar Gilgamesh, matattu suna wani gida mai duhu, ƙura ce abincinsu, laka ce tuwonsu, suna sanye da gashin tsuntsaye, kambunan sarakunan dā kuma an tara su gefe guda. A wajen Girkawan zamanin Homa, mawaƙin da ake danganta wa Iliyad, mamaci inuwa ce kawai marar ƙarfi. Jarumi da rago makomarsu ɗaya. Wanda ya yi imani da haka, dole duk abin da yake nema ya neme shi a doron ƙasa.

Yadda waƙar Gilgamesh ta ɓace ta kuma dawo

Masana da yawa suna ganin an yi wani sarki mai wannan suna a birnin Uruk, wanda kufansa yake Warka a kudancin Iraƙi, wajen shekara 2,700 kafin haihuwar Annabi Isa (Alaihis Salam). An fara yi masa gajerun waƙoƙi da harshen Sumer. Wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa aka haɗa labarin ya zama waƙa guda da harshen Akkad, sannan ƙarnoni bayan haka aka sake tsara ta a kan alluna 12. Al'adar Babila ta danganta wannan aiki ga wani malami mai suna Sin-leki-unninni.

Mafi yawan abin da ke hannu yau daga ɗakin karatun sarki Ashurbanifal ya fito, a Nainawa, garin da aka sani da ƙissar Annabi Yunusa, daura da Mosul ta yanzu. An ƙone birnin a 612 kafin haihuwar Annabi Isa, wutar kuma ta ƙara gasa allunan maimakon ta cinye su. A farkon shekarun 1850 Austen Henry Layard da Hormuzd Rassam, ɗan asalin Mosul, suka tono su aka kwashe zuwa Landan. A 1872 wani ma'aikacin gidan tarihin Birtaniya, George Smith, wanda da kansa ya koya wa kansa karatun rubutun, ya gane labarin ruwan ɗufana a jikin allo na 11. Ranar da ya gabatar da binciken, firaministan Birtaniya William Gladstone yana zaune a wurin.

Sarkin da ya fara da neman suna

A farkon waƙar, Gilgamesh azzalumi ne. Mutanen Uruk suka kai kuka sama cewa bai bar wa uba ɗansa ba, bai bar wa ango amaryarsa ba. Sai aka ƙera Enkidu da laka, mutumin daji mai gashi, don ya zame masa kishiya. Suka yi kokawa, suka zama aminai. Daga nan Gilgamesh ya ce su tafi dajin itatuwan al'ul su kashe Humbaba mai gadinsa. Enkidu ya ja baya, dattawan gari suka yi gargaɗi. Hujjar da Gilgamesh ya kawo ita ce: alloli ne kaɗai ke dawwama, kwanakin mutum ƙidayayyu ne, duk abin da yake yi iska ce, saboda haka ko ya faɗi a fagen fama ya kafa suna.

Suka kashe Humbaba, suka sare dajin, suka kuma kashe Bijimin Sama da allahiya Ishtar ta turo bayan Gilgamesh ya ƙi aurenta. Alloli suka yanke cewa ɗaya daga cikin aminan biyu zai biya. Enkidu ya kwanta ciwo kwana 12 ya mutu a kan gado, yana baƙin cikin cewa ba a filin daga ya faɗi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar waƙar. Gilgamesh ya hana a binne gawar. Ya zauna a kanta kwana shida da dare bakwai, yana jiran ko abokinsa zai tashi, har sai da tsutsa ta faɗo daga hancinsa. Daga wannan rana bai ƙara maganar suna ba. Tambayarsa ta koma guda ɗaya, yana maimaita ta ga duk wanda ya haɗu da shi: shin ni ma ba haka zan kwanta ba, in kasa tashi har abada? Ya yar da kayan sarauta, ya ɗaura fatar zaki, ya nausa daji neman Utnafishtim, mutumin da ya tsira daga ruwan ɗufana aka ba shi rai marar yankewa.

A bakin teku ya tarar da Siduri, mai gidan giya. A tsohuwar siffar waƙar ta zamanin Babila ta farko, ta ce masa ran da yake nema ba zai same shi ba, domin da alloli suka yi mutum sun ba shi mutuwa, rai kuma suka riƙe a hannunsu. Ta ce ya cika cikinsa, ya sa tufafi masu tsabta, ya yi wanka, ya dubi yaron da ke riƙe da hannunsa, ya faranta wa matarsa. Abin lura, wanda ya sake tsara waƙar daga baya bai sa wannan nasiha ba. Ya mai da nauyin magana bakin Utnafishtim.

Utnafishtim bai yi masa doguwar muhawara ba. Bayan ya ba shi labarin ɗufana, ya nuna masa cewa abin da ya samu sau ɗaya aka yi shi ba za a sake ba, sai ya ce to ga gwaji: ka hana idonka barci kwana shida da dare bakwai. Gilgamesh na tsugunawa barci ya lulluɓe shi kamar hazo. Tsohon ya ce wa matarsa, ɗan'adam mayaudari ne, zai musa, saboda haka kullum ki gasa gurasa ɗaya ki ajiye a kansa. Da aka tashe shi ya ce ai yanzun nan ya ɗan rintsa. Aka ce ƙirga gurasarka. Ta farko ta bushe ƙamas, ta biyu ta zama kamar fata, ta uku ta jiƙe, ta huɗu ta yi farin fumfuna, ta biyar ta yi ɗige-ɗige, ta shida sabuwa, ta bakwai tana kan garwashi. Wanda barci ya kayar, ina zancen ya kayar da mutuwa?

Don kada ya koma hannu rabbana, aka faɗa masa sirrin wani tsiro mai ƙaya a ƙarƙashin ruwa, mai mai da tsoho yaro. Ya ɗaura duwatsu a ƙafafunsa, ya nutse, ya tsinko shi. Bai ci nan take ba, ya ce sai ya kai Uruk an fara gwada shi a kan wani tsoho (ko a bakin mutuwa, halin sarauta bai sake shi ba). A hanya ya ga tafki mai sanyi ya shiga wanka. Maciji ya ji ƙamshin tsiron, ya sulalo ya ɗauke, yana juyawa ya yi saɓa. Ta leƙo ta koma. Gilgamesh ya zauna yana hawaye, yana tambayar wa ya yi wa wannan wahala.

Da suka iso Uruk da matuƙin jirgin da ya rako shi, abin da ya ce masa kawai shi ne ya hau ganuwa ya zaga, ya duba harsashinta, ya ga ko tubalinta ba gasasshe ba ne. Da waɗannan layuka waƙar ta buɗe, da su kuma labarin ya rufe. Masu tono sun auna ganuwar Uruk, tsawonta ya kai kimanin kilomita 9.

Cinikin da aka yi wa Akilis

Iliyad, wadda ake dangantawa ga Homa kuma ake ganin ta kammalu wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, ba ta ba da labarin yaƙin Turoy duka ba. 'Yan makonni ta ɗauka a shekara ta goma. Babu wanda ke neman tsiron rai a cikinta. Kowa ya san zai mutu, ciniki ake yi kan farashin.

Sarfedon, sarkin Likiya, shi ya fayyace lissafin. Ya tambayi abokinsa Gilaukos: me ya sa a gida ake ba mu wurin zama na gaba, da tsokar nama, da ƙoƙo cike, da gona mai kyau a bakin kogi? Domin mu tsaya a sahun farko ne. Ya ƙara da cewa da gudun wannan yaƙi zai sa su dawwama ba tsufa ba mutuwa, da shi ma bai shiga ba, amma tun da ajali ya kewaye mutum ta hanyoyi dubu, to a je. Wato jarumta a nan bashi ce da mai sarauta ke biya kan abin da ya ci na jama'a. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akilis kuwa uwarsa ta faɗa masa cewa ƙaddara biyu ke gabansa. In ya tsaya ya yi yaƙi, ba zai koma gida ba amma zai sami suna marar lalacewa. In ya koma gida, zai yi tsawon rai ba suna. Girkawa suna kiran wannan suna *kleos*, asalin kalmar kuma daga "ji" take, wato abin da kunne ke ji ana faɗa a kan mutum. A 1853 wani masanin harsuna Bajamushe, Adalbert Kuhn, ya nuna cewa irin wannan furuci na "suna marar lalacewa" yana cikin waƙoƙin Weda na Indiya da kalmomi masu tushe ɗaya, alamar cewa tunanin ya girmi Homa nesa ba kusa ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne lokacin da Akilis ya faɗi wannan magana. Ya faɗe ta ne yana ƙin yaƙin. Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ƙwace masa Biriseyis, baiwar da ya samu a ganima, ya yi fushi ya koma tantinsa, aka aiko masa da jakadu da tayin zinariya da dawakai 12 da mata bakwai da garuruwa bakwai. Ya ce shanu da tumaki ana kwaso su a hari, dawakai ana sayen su, amma ran mutum in ya fice ta tsakanin haƙora ba ya dawowa. Ya ce gida zai tafi. Abin da ya mai da shi fagen fama ba kwaɗayin suna ba ne, kisan amininsa Fatrokulos ne a hannun Hekta, ɗan sarkin Turoy. Ya koma yana sane cewa ajalinsa na biye da na Hekta. Gilgamesh ya fara da neman suna, mutuwar aboki ta sa ya gudu daga mutuwa. Akilis ya fara da raina suna, mutuwar aboki ta sa ya tunkare ta.

Waƙar ba ta nuna mutuwarsa ba. Ta ƙare ne da tsoho Firiyam, sarkin Turoy, ya shigo tantinsa cikin dare, ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, ya roƙi gawar Hekta. Su biyun suka yi kuka, ɗaya don ɗansa, ɗaya don mahaifinsa da abokinsa, sannan suka ci abinci.

Odisi, ɗaya waƙar da ake dangantawa ga Homa, mai ba da labarin komawar jarumi Odisiyos gida daga yaƙin Turoy, ta sake taɓo batun, kuma da kaifi. Odisiyos ya sauka wurin matattu ya tarar da inuwar Akilis, ya ce masa kai kam ka more, da rai an girmama ka, a nan ma kai ne babba. Akilis ya ce kada ka lallashe ni kan mutuwa, gara in zama ɗan ƙwadago a gonar matalauci da in mulki matattu duka. Nan take kuma ya tambayi labarin ɗansa. Da aka ce yaron ya yi fice a yaƙi, sai ya juya yana taku da farin ciki. Allo na 12 na Gilgamesh ma haka ya nuna: mai ɗa ɗaya yana kuka a can, mai 'ya'ya bakwai yana zaune a kan kujera cikin jin daɗi. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa haihuwa maganin mutuwa. Shi kansa Odisiyos an yi masa tayin abin da Gilgamesh ya rasa. Allahiya Kalifso ta riƙe shi shekara bakwai a tsibirinta, ta ce ya zauna ta sa ya daina tsufa da mutuwa. Ya ce ya san ta fi matarsa Fenelofi kyau, amma gida yake so.

Tauri da lagonsa

Wasu al'ummu sun bi da batun ta hanyar jarumin da ƙarfe ba ya kama shi, irin abin da mu muke kira tauri. Kullum kuma akan bar masa lago. Isfandiyar na Shahnama jikinsa ba ya huduwa sai idanu, ta nan Rustam ya harbe shi. Sumanguru Kante na waƙar Sunjata ta ƙasar Mali, kibiya mai ƙahon ƙafar zakara ce makarinsa. Diddigen Akilis ma haka, sai dai wannan labari ba ya cikin Homa. Mawaƙin Rum Statiyus ne, a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya kawo zancen tsoma shi a kogi yana jariri don jikinsa ya yi tauri. Dalilin lagon a fili yake: wanda ba zai iya mutuwa ba, shigarsa yaƙi ba bajinta ba ce.

Mai riƙe da makullin suna

In dawwamar jarumi a suna take, to tana hannun mawaƙi. Iskandar na Makidoniya ya gane haka. A 334 kafin haihuwar Annabi Isa, da ya ƙetara zuwa Asiya, ya ziyarci wurin da ake cewa kabarin Akilis ne, marubutan tarihinsa kuma sun ce ya kira shi mai sa'a saboda ya sami Homa. Ya mutu a Babila yana da shekara 32. Labaran da aka ƙaga a kansa daga baya sun mai da shi sabon Gilgamesh, yana ratsa ƙasar duhu neman ruwan rai. A wajen mawaƙan Farisa, Firdausi da Nizami, Halliru ne ya isa ga ruwan, Iskandar ya ɓace hanya.

Ɗaliban zaure da suka karanta waƙoƙin jahiliyya sun san wannan lissafi, ko da yake ƙasidu ne ba dogayen labarai ba. Ɗarafa ya tambayi mai zarginsa kan shiga yaƙi da holewa: kai za ka dawwamar da ni? Littattafan adabin Larabci kuma sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ce wa wani daga zuriyar Harim ɗan Sinan, wanda Zuhairu ya yi wa yabo, abin da kuka ba shi ya ƙare, abin da ya ba ku ya wanzu. Firdausi, da ya kammala Shahnama a 1010, bai tsaya kan jarumansa ba, ya ce shi kansa ba zai mutu ba tun da ya shuka irin magana.

Wannan yana nufin akwai son kai a cikin lamarin. Mawaƙin da ke cin abinci a fada yana da dalilin koɗa darajar abin da yake sayarwa. A shekarun 1930 Milman Parry da Albert Lord suka naɗi mawaƙan baka a ƙasar Yugoslabiya ta lokacin, suka nuna cewa maimaita laƙabi irin "Akilis mai saurin ƙafa" kayan aikin mawaƙi ne da ke tsara waƙa a gaban jama'a ba tare da takarda ba. Duk wanda ya saurari makaɗan fada yana jin yadda take da kirari ke dawowa ya san wannan dabara.

Inda masana suka sha bamban

Saɓani na farko kan ƙarshen Gilgamesh ne. Mawaƙin harshen Jamusanci Rainer Maria Rilke ya kira ta waƙar tsoron mutuwa, masu wannan ra'ayi kuma suna ganin komawa ganuwa lallashi ne kawai bayan faɗuwa. Thorkild Jacobsen ya karanta ta a matsayin labarin girma, yaro mai taurin kai da ya dawo dattijo. Hujjar ɓangarensa ita ce buɗewar waƙar, wadda ta yabi sarkin da cewa ya ga zurfi ya kuma dawo da labarin abin da ya faru kafin ɗufana. Hujjar ɗaya ɓangaren ita ce waƙar ba ta taɓa cewa hankalinsa ya kwanta ba.

Na biyu kan Iliyad ne: zuga yaƙi take yi ko tona masa asiri? Simone Weil, a maƙalar da ta fitar a 1940 Faransa na ƙarƙashin mamaya, ta ce ainihin jarumin waƙar ƙarfi ne, wanda ke mai da mutum kaya, mai duka da wanda aka daka duka. Gregory Nagy kuwa ya nuna cewa sunan da aka yi wa Akilis alkawari shi ne waƙar kanta, don haka ta cika alkawarinta. Kowane ɓangare yana da layukan da zai nuna. Da wuya dai a kira ta zuga zalla, ganin yadda take tsayawa kan ƙaramin mayaƙi da ya faɗi ta ambaci garinsu da mahaifinsa da matar da ya bari.

Na uku, ko Girkawa sun aro daga Babila. Walter Burkert da Martin West sun tara kamanceceniya masu yawa. Gilgamesh yana kai-komo a kan gawar Enkidu kamar zakanya da aka ɗauke wa 'ya'ya, Akilis ma an kwatanta shi da zakin da maharbi ya sace wa 'ya'ya a kan gawar Fatrokulos. An kuma tono gutsattsarin Gilgamesh a Hattusa ta ƙasar Turkiyya da Ugarit ta Siriya da Megiddo, shaidar cewa waƙar ta yi tafiya yamma. Masu ja suna cewa mutuwar aboki da fushin zaki abubuwa ne da kowace al'umma za ta iya gani da kanta.

Wa ke biyan kuɗin sunan jarumi

Waƙoƙin ba su ɓoye wannan ba. Layukan farko na Iliyad sun ce fushin Akilis ya jefa rayuka masu yawa lahira, ya bar gawarwaki ga karnuka da tsuntsaye, kuma mutanensa ne ake nufi. Da wani talakan soja, Tarsitis, ya miƙe ya ce sarakuna ke kwashe ganima, Odisiyos ya zabga masa sanda jama'a suka yi dariya. Andiromaki, matar Hekta, ta san bauta ke jiran ta. A Beowulf, bayan tsohon sarki ya fuskanci dodon da ke gadin dukiya ya mutu, an gina masa tudun kabari a bakin teku don matuƙa jirgi su riƙa gani, amma mabiyinsa Wiglaf ya ce mutane da yawa kan sha wuya saboda nufin mutum ɗaya, mutanensa kuma suna hangen hari da bauta. Kalmar ƙarshe ta waƙar ta siffanta shi da wanda ya fi kowa son yabo, har yau ana gardama ko yabo ne ko zargi. Ganuwar Uruk ma ba sarki ne ya ɗauki tubalinta a ka ba.

Masu mulki na zamani sun ci gaba da bin wannan hanya. A shekarun 1980 Saddam Hussein ya sake gina wani sashe na Babila, ya sa aka buga sunansa a jikin tubala kamar yadda Nebukadnezzar, sarkin Babila na dā, ya yi. Talakan Iraƙi kuma shi ya yi asarar kayan tarihinsa da yaƙi ya zo. A watan Afrilun 2003 an wawashe kimanin abubuwa 15,000 daga gidan tarihin Bagadaza, wuraren tono a kudu kuma suka cika da ramukan masu haƙar dare. Allon da aka tono ba tare da an rubuta inda aka same shi ba ya rasa rabin bayaninsa. A 2021 Amurka ta mayar wa Iraƙi kayan tarihi kimanin 17,000.

Akwai tsaka mai wuya a nan. A 2011 gidan tarihin Sulaimaniyya da ke arewacin Iraƙi ya sayi wasu alluna daga hannun ɗan fasa-ƙwauri don kada su fice daga ƙasar. Masu suka suna cewa irin wannan saye yana ƙara wa masu haƙa ƙaimi. Sai ga shi a cikin allunan akwai wani yanki na allo na 5 na Gilgamesh, mai layuka kusan 20 da ba a taɓa gani ba, wanda Farouk Al-Rawi da Andrew George suka wallafa a 2014. Layukan sun nuna dajin al'ul cike da kukan tsuntsaye da birai, sun kuma nuna Enkidu yana cewa sun mai da dajin kufai, yana fargabar abin da za su faɗa in an tambaye su.

Har yanzu waƙar ba ta cika ba. Duk fassarar da mutum ya buɗe zai ga ɗige-ɗige a wuraren da laka ta karye. Tun 2018 wani ayarin masana a jami'ar Munich, ƙarƙashin Enrique Jiménez, yake amfani da kwamfuta wajen haɗa dubban gutsattsarin da ke jibge a akwatunan gidajen tarihi. Cikin kwafen waƙar da aka sani, mafi ƙuruciya an rubuta shi ne wajen shekara ta 130 kafin haihuwar Annabi Isa. Bayan haka masu iya karanta rubutun suka ƙare, kuma kusan shekara 2,000 babu wanda ya karanta layi ɗaya na waƙar sai da George Smith ya ɗauki allo na 11.